Gaban kaina ya kwashe bayan haihuwa, me zan shafa?

Mai Jego:
Assalamu alaikum matan gida, da fatan mun wuni lafiya. Don Allah ina neman shawara. Wata huɗu ke nan da na haihu, kuma tun da watan nan ya kama gashina yake ta zuba. Jiya na tsefe kitso, abin da ya fita a kum ya cika tafin hannuna, har na ɓoye shi don kar ƙanwata ta gani. Gefe da gefen goshina ya yi fayau, maigida ya fara tsokanata wai mun zama mu biyu masu sanƙo a gidan. Abin da ya fi ba ni haushi, lokacin da nake da ciki gashin nan ya cika ya yi baƙi ƙirin, kowa sai ya tanka. Wadda ta san haɗin da zai dawo min da shi ta taimaka, na fi son na gargajiya saboda ina shayarwa.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne. 'Yar nan ki nemi karkashi ki jiƙa shi ya yi yauƙi, ki wanke kai da shi, in ya sha iska ki bi shi da man kaɗanya ko man shanu. Da shi muka tashi, ba mu san wani shamfu ba, kuma ga shi har yau da furfurata ina kama gashina in ɗaure. Ku 'yan yanzu kun ƙone kanku da rilaksa sannan ku zo kuna tambayar magani.

Mai Jego:
Amin Hajiya, na gode. Amma wallahi rabona da rilaksa tun kafin aure.

Ummu Biyu:
Wankan jego ne. Ruwan zafin nan da ake fyaɗa wa mutum da ganyen darbejiya safe da yamma, ai dole ya dafa saiwar gashi. Ni ma haka na yi a haihuwar fari.

'Yar Damagaram:
A'a Ummu Biyu, ni aiki aka yi mini, ban yi wankan ganye ko sau ɗaya ba, amma nawa ya zuba fiye da na kowa. Ba daga nan ba ne.

Mai Haɗin Gashi:
Maman baby kar ki damu, matsalarki ta zo ƙarshe. Muna da haɗi na musamman, itatuwa goma sha biyu da man zaitun da hulba da habbatussauda da sirrin matan Chadi. Sati biyu kacal gaban kai zai cike, wata biyu gashi har gadon baya da yardar Allah. Muna turawa kowace jiha. Ki yi min magana ta ciki.

Sista:
Salam. Mai Jego, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗan yi bayani kafin ki kashe kuɗinki.

A kan mutum akwai gashi wajen sili 100,000, kuma ba tare suke rayuwa ba. Kowane sili yana tsiro na tsawon shekara 2 zuwa 6, sannan ya tsaya ya huta kamar wata 3, ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. Shi ya sa lafiyayyen mutum ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 kullum bai sani ba. Lokacin ciki sinadarin mata da ake kira istirojin yana yin yawa a jikin mace, sai ya riƙe gashin da ya kamata ya faɗi. Cikar da kika gani ke nan. Da zarar an haihu istirojin ya sauka, duk gashin da aka riƙe sai su shiga hutu tare, bayan wata 2 zuwa 4 su zubo tare. Daidai inda kike ke nan yanzu. Saiwar tana nan da ranta, kuma yawancin mata gashinsu yana komawa daidai kafin yaro ya cika shekara, ko sun shafa wani abu ko ba su shafa ba.

Sannan ki lura da lissafin kitso. Idan kitso ya yi sati uku a kanki, gashin da ya faɗi kullum ba shi da hanyar fita, yana maƙale a ciki. Ko 50 ne a rana, sati uku ya haura 1,000. Ranar tsifa duk za ki gan su lokaci guda, ki ɗauka kanki ne ya ƙare.

Maganar gashi har gadon baya a wata biyu kuwa, gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 ne a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza hakan. Babu man da ya isa ya ninka wannan sau ashirin.

Mai Haɗin Gashi:
Ku dama 'yan asibiti ba ku yarda da komai ba sai ƙwaya. Ina da hotunan kwastomomina kafin da bayan. Ko ƙarya suke yi?

Sista:
Ban ce ƙarya suke ba, 'yar'uwa. Idan mai jego ta sayi haɗinki a wata na huɗu ta yi ta shafawa har wata na tara, gashi zai fito, za ta yi miki godiya har da hoto. Wadda ba ta saya ba ita ma nata zai fito. Abin da nake so ki gaya mana shi ne me ke ciki, don mai shayarwa ce. Akwai masu zuba maganin kanti cikin mai su ce itace ne zalla, ban ce ke ba. Yana da lambar NAFDAC?

Admin:
An goge lambar waya. Ranar talla Juma'a ce, kowa ta sani. A ci gaba da tattaunawa cikin mutunci.

'Yar Injamena:
Tunda an ambaci sirrin matan Chadi bari in sa baki, don a nan aka haife ni. Garin chebe ake nufi, kuma ba sirri ba ne, a kasuwa ake sayar da shi a buɗe. 'Ya'yan wata bishiya ne ake soyawa a daka, a haɗa da kanumfari da mahlab da ɗan ƙaro mai ƙamshi. Matan Larabawan Basara su suka yi suna da shi. Amma yadda na ga ana yi a Najeriya yana ba ni mamaki, mace ta kwaɓa shi ta cusa a fatar kai. Mu a nan a jikin gashin ake sa shi. A jiƙa gashi da ruwa, a shafa mai, a barbaɗa garin, a sake mai, a sake gari, a kitse manya-manya a bar shi. Bayan 'yan kwanaki a warware a ƙara. Ba a kai shi gindin gashi saboda yana sa ƙaiƙayi yana toshe fata.

Kuma ki duba matan da kyau, na baya ne yake tsawo har ƙugu, na gaban goshi da ba a cika sa masa ba gajere ne. Aikinsa ya hana gashi bushewa da karyewa. Wanda ya riga ya fito yake tsarewa, ba ya tsiro da sabo. Haka man karkar, man riɗi ne da kitse da kakin zuma, laushi yake sawa. Kuma gaskiya aiki ne mai cin lokaci, a wuni ana abu ɗaya, mai goyo ba lallai ta iya ba.

Hajiya Babba:
To ai maganata ce ta dawo. Karkashi ma haka yake, yauƙin nan yana warware gashi ba sai an ja shi da ƙarfi ba.

'Yar Injamena:
Ƙwarai Hajiya. Ambunu da ake kawo muku daga nan ana tsawwala kuɗi, ɗan'uwan karkashi ne. Wanda ke kasuwarku ya ishe ku.

Anti Mai Kitso:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma akwai abin da ba wadda ta taɓo. Mai Jego, wane irin kitso kike yi, kuma yaushe aka yi miki na ƙarshe?

Mai Jego:
Ƙanana ne Anti, shuku. Tun na suna nake maimaita shi saboda yana daɗewa, ba na samun lokacin zama.

Anti Mai Kitso:
Na san za a rina. Ki saurare ni da kyau, wannan sana'ar na gada. Zubar bayan haihuwa gaskiya ce kamar yadda Sista ta ce, amma rabin matan da ke zuwa wurina da gaban kai a kwashe, kitso ne ya cinye shi. Mace za ta zauna ta ce Anti ki kama min har ƙananan na gaba, kar ki bar ko sili. In ka sassauta ta ce ba ka iya ba, ta koma wurin wata. A gama kitso girarta ta ɗage sama, ba ta iya yin dariya, da dare ta kasa ɗora kai a filo sai ta sha farasitamol. Kwana biyu ka ga ƙananan ƙuraje farare sun jeru a bakin kitson. Wannan ƙurajen kuka ne saiwar gashi take yi, amma sai a ce kitso ne bai saki ba.

Alamar da nake gane ta, za ki ga wasu 'yan siraran gashi sun rage a layin goshi, bayansu kuma fili, sannan gashi ya ci gaba. In na ga haka na san ja ne. In aka bari da wuri yana dawowa. In aka shekara da shekaru ana yi, wurin sai ya yi sumul yana sheƙi, ba ko ɗigon ramin gashi, to wannan ko man me za a shafa an gama. Ina da kwastomomi haka, sun gwada komai.

Mafi muni a sa rilaksa yau a yi ƙananan kitso gobe, ko a ɗora ƙarin gashi mai nauyi a kan ɗan wanda ya rage. Haka ɗaurin ɗankwali da ake tamkewa a wuri ɗaya kullum, da ribom ɗin roba da ake ƙulle gashi da shi ƙarƙashin hijabi tun safe har dare. Yaranmu mata ma muna yi musu, yarinya 'yar shekara biyar tana kuka uwa na cewa a ƙara ja.

Shawarata, ki huta da shuku. Ki yi manyan kalaba ko kitso guda shida zuwa takwas, a sassauta, a bar na gaban goshi kar a kama shi. Kada ya wuce sati biyu. In ana yi kika ji zafi ki ce a warware, kuɗinki ne kuma kanki ne.

Ummu Biyu:
Anti kin faɗi gaskiya amma ku ma masu kitso da laifinku. Wata ko ka ce ta sassauta sai ta ce hannunta ne haka.

Anti Mai Kitso:
Ban musa ba. Ki canja ta.

Malama:
Assalamu alaikum. Ina jin daɗin bayanan, sai dai kada mu raina abin da ya zo a sunna. Ya tabbata a Bukhari cewa habbatussauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Magarya ma ta zo a hadisin wankan haila a Muslim, an umarci mace ta ɗauki ruwanta da magaryarta. Ni garin ganyen magarya nake kwaɓawa da ruwan ɗumi in wanke kai, in ya bushe in shafa man habba da na zaitun. Amosanin da ya dame ni shekaru ya tafi.

Sista:
Malama ba mu raina ba, Allah ya ƙara ilimi. Ganyen magarya yana da sinadari mai kumfa da ke wanke datti ba tare da ya busar da gashi kamar sabulu mai ƙarfi ba, ni ma ina amfani da shi. Abin da nake jan hankali a kai shi ne a san abin da ya kawo zubar tukuna. Wadda jininta ya yi ƙasa, ko ta yi wanka da man habba gashi ba zai tsaya ba sai an gyara jinin. Kuma man habba zalla yana yi wa wasu zafi a fata, gara a sirka shi da na zaitun ko na kwakwa, a gwada a bayan kunne a kwana a gani.

Mai Jego, tunda maganar jini ta zo: kin zubar da jini da yawa wajen haihuwa? Kina jin jiri, kasala, bugun zuciya in kin ɗan yi aiki? Kina sha'awar cin ƙanƙara ko farar ƙasa?

Mai Jego:
Ikon Allah. Jiri kam ina ji in na miƙe, kuma ƙanƙara nake tauna kamar me. Na ɗauka zafin gari ne. Maganin ƙarin jinin da aka ba ni na daina sha tun da na haihu, yana sa ni tashin zuciya.

Sista:
To ki je a duba miki jini. Kar ki tsaya a PCV kaɗai, wato gwajin yawan jini da aka saba yi, ki roƙi likita ya haɗa da gwajin feritin, shi ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, yana iya yin ƙasa tun kafin a ce jini ya yi ƙasa. In da hali a duba tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo, don yakan rikice wa wasu matan bayan haihuwa kuma yana zubar da gashi. Idan kina shan ƙwayar biotin da ake tallatawa don gashi ki gaya musu, tana ɓata sakamakon wannan gwajin.

Abinci kuma: hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, zogale, alayyafo. Ki haɗa da lemu ko gwaiba ko tumatir, suna taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Shayi ki raba shi da lokacin cin abinci, yana hana ɗauka. Ƙwayar ƙarin jini in tana damunki ki faɗa musu, akwai yadda ake canja lokacin sha ko irinta.

Ga sauran 'yan'uwa ma, ba haihuwa kaɗai ke kawo irin wannan zubar ba. Zazzaɓi mai zafi kamar taifod ko maleriya, tiyata, rasuwa ko tashin hankali mai tsanani, rage ƙiba da yunwa, duk suna yi. Kuma sai bayan wata 2 ko 3 ake gani, lokacin mutum ya manta da ciwon, shi ya sa ake ɗora wa sabon shamfu laifi.

Amarya:
Don Allah nima a duba tawa. Ni ba haihuwa na yi ba. Mai kitso ce ta gano min wani wuri a ƙeya, zagayayye kamar kwabo, sumul babu gashi ko ɗaya, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Gwaggon mijina ta ce aljani ne ya lasa, wata kuma ta ce in bincika abokiyar zamana. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Malama:
Subhanallah. 'Yar'uwa ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma, amma ki ji tsoron Allah kar ki zargi baiwar Allah da abin da ba ki gani ba. Zato zunubi ne.

Sista:
Amarya kwantar da hankalinki, wannan sanannen abu ne, a asibiti ana ce masa alofeshiya ariyata. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta far wa saiwar gashi a wuri ɗaya. Maza ma yana fito musu a gemu, yara ma suna yi, har waɗanda ba su da kishiya. Ba a ɗauka daga wani. Da yawa in wurin ƙarami ne yana cikewa da kansa cikin shekara, sau da yawa farin gashi mai laushi ke fara fitowa sannan ya yi baƙi. Likitan fata yana da allurar da ake yi a wurin in ya ƙi ko ya fara yaɗuwa.

A kan wannan cutar ne ma aka gwada albasa. A 2002 wasu likitoci a Iraƙi sun gwada ruwan albasa a kan masu irin wannan, mutum 38 gaba ɗaya. Cikin 23 da suka shafa ruwan albasa sau biyu a rana, 20 gashi ya fara fito musu a sati shida, cikin 15 da suka shafa ruwan famfo kuwa 2 ne kawai. Mutanen kaɗan ne, kuma wannan cutar kaɗai aka gwada, ba sanƙo ko cin kitso ba. Amma yau ko'ina ka duba cewa ake albasa maganin kowace irin zuba ce.

'Yar Damagaram:
Albasa dai da sauƙi, wari ne kawai. Tafarnuwa ce kar wadda ta kuskura. Maƙwabciyata ta daka ta ɗaure a gaban kai ta kwana da ita, da safe wurin ya tashi ya ɗuri ruwa, ya zama gyambo. Yanzu tabo ne, gashin da take nema ya tafi gaba ɗaya. Haka baƙin lallen nan na kanti da ake rina kai da shi, ni fuskata ta taɓa kumbura. Lallen gida ja bai taɓa yi min komai ba.

Uwargida:
To mu da mazajenmu ne masu sanƙon fa? Nawa tun yana saurayi tsakiyar kai ta fara buɗewa, yanzu ko a ɗaki ba ya cire hula. Na ji ana maganar man rosmeri.

Hajiya Babba:
Ki bar bawan Allah da hularsa. Sanƙo ai arziki ne.

Sista:
Hajiya kin ba ni dariya. Uwargida, na maza gado ne tare da wani sinadarin maza da ke sa saiwar ta riƙa ƙanƙancewa, gashin ya yi ta sirancewa har ya daina fitowa. Rosmeri an gwada shi a Iran a 2015, maza 100, rabi man rosmeri rabi maganin shafawa na minoxidil mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, na tsawon wata 6. A wata 3 ba a ga canji a kowane ɓangare ba, a wata 6 duka biyun sun ɗan ƙaru kusan daidai. Ki lura, wata shida ana shafawa kullum, kuma ƙarin ba mai yawa ba ne. In zai gwada ya ɗiga kaɗan cikin wani mai, ba a shafa shi zalla. Minoxidil shi ne wanda aka fi tabbatar da aikinsa, asalinsa maganin hawan jini ne aka lura yana fito da gashi, sai dai ranar da aka daina, abin da aka samu yana komawa cikin 'yan watanni. Mai ciki da mai shayarwa kada su taɓa shi sai da izinin likita.

Mata kuma, wadda ta ga tsakiyar kanta na buɗewa a hankali, da ɗan zafi ko ƙaiƙayi ko tsikari, kar ta tsaya gwajin mai. Akwai wata irin zubar gashi da ta fi kama mata baƙar fata, tana barin tabo, wurin da ta cinye ba ya dawowa. Wannan da wuri ake zuwa wurin likitan fata.

Maman 'Yan Makaranta:
Sista kafin ki gudu. Yarona ɗan shekara bakwai ya dawo daga aski da wani farin tabo a ka mai ɓarɓashi, gashin wurin ya kakkarye. Yanzu ƙaninsa ma ya fara. Kakarsu ta ce in goga baƙin mai na inji, wata ta ce man darbejiya.

Sista:
Kar ki sa baƙin mai don Allah, guba ne a fatar yaro. Da alama makero ne, kuma shi ana ɗauka: a reza da injin aski, kum, hula, filo, tawul. Ƙwayar cutar tana shiga cikin silin gashin ne, shi ya sa na shafawa kaɗai ba ya kashe ta, ko na kanti ko na gida. Sai an haɗa da na sha, yawanci griseofulvin, na sati 6 zuwa 8, kuma da nauyin yaro ake auna shi, don haka a kai su a gani, kar a saya a kemis da ka. A sha shi bayan abinci mai ɗan maiƙo. Ki kai su duka biyun rana ɗaya, ki duba kan sauran yaran gidan, ki raba musu kum da hula.

Anti Mai Kitso:
Kuma ki saya musu injin askinsu na gida in da hali, ko ki riƙa ba su nasu su tafi da shi shago. Ni ma yarinyar da na ga makero a kanta ba na taɓa ta da matsefin da nake yi wa sauran, uwar ta zo da nata ko ta dawo in ta warke. Wasu suna jin haushi su daina zuwa.

Maman 'Yan Makaranta:
Na gode. Makaranta fa, in hana su zuwa?

Sista:
A'a, da zarar sun fara shan maganin su ci gaba da zuwa. Ki dai ja musu kunne kan musayar hula.